Motar da aka bai wa ƙwaya

Shekara 11 ke nan ina aikin jinya. Abin da aka fara cusa mana a makaranta shi ne kada ki kuskura ki bai wa mara lafiya magani ba ki ji tarihinsa ba. Wane magani yake sha? Tun yaushe? An taɓa yi masa aiki? Ko ƙarfe biyun dare aka kawo mutum haka nake tsare 'yan uwansa da tambaya, har wasu su ƙosa da ni. Amma ranar da aka sayo motar da za ta riƙa ɗaukar 'ya'yana uku, ko tambaya ɗaya ban yi ba.

A ƙarshen 2024 ne. Tsohuwar motarmu ta gaji, kullum tana gareji, ni kuma ina fama da aikin dare da jiran adaidaita sahu da asuba. Muka yi shawara da maigida a sayar da ita, ya kawo abin da yake da shi, ni ma na zuba adashina na wata 10 gaba ɗaya. Abban yara mutum ne mai natsuwa, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare, sai dai tun yana saurayi Allah ya ɗora masa son mota. Wata rana da yamma ya shigo da fara'arsa ya ce, "Sista, na samo mana Golf." Haka yake kirana in yana cikin nishaɗi.

Ni da na ji Golf, abin da ya zo raina shi ne irin waɗanda ke lodi a tasha, a cika su da fasinja da buhunan hatsi su nufi Katsina ko Daura su dawo ba su yi tari ba. Na ce, "To ai Golf jaka ce, Allah ya sanya alheri." Shi ke nan shawarar da na bayar a kan kuɗin da na yi wata 10 ina tarawa.

Da motar ta iso, tun daga bakin layi na ji ta. Fara ce tas, gajera, ta kusa shafar ƙasa, salansarta na ruri. Golf GTI ce ƙirar 2012, wadda aka yi don masu son gudu, an shigo da ita daga Amurka. Yaran unguwa suka kewaye ta. Daga baya na ji cewa dillali ya gaya wa maigida an yi mata "tunin" tun a can, wato an ƙara wa injin ƙarfi, kuma ba za a ƙara masa ko sisi a kan haka ba. Shi ya ɗauki abin kamar gyaran da mai tumatir ke yi miki bayan kin gama ciniki. Bai ɓoye mini da wata manufa ba, gani ya yi ba abin da zan fahimta ba ne. Ni ma haka na ɗauka.

Alamu kuwa na gan su. In ya tashe ta da asuba sai jaririn maƙwabta ya farka. In tana tsaye a zaure a kunne, wani wari mai yaji ke cika gidan, babbar 'yata mai fama da asma ta kama tari. In ya taka totur sai ki ji an manna ki da kujera, in ya saki ki ji wani huci daga gaba. Ga shan mai, a lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000 bayan cire tallafin da aka yi a watan Mayun 2023. Duk na gani na yi shiru, saboda dalili biyu. Na farko, an raine mu a kan cewa harkar mota ta maza ce. Na biyu, kuɗina na ciki, ina tsoron in yi magana ya zama kamar gori nake masa.

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallar 2025 muka kama hanyar Zariya gaishe da Hajiyata. Farkon Afrilu ne, rana ta take, kwalta har wani ƙyalli take yi. Yara uku a baya da kayan Sallarsu, autana yana barci a cinyar yayarsa. Mun kusa Kwanar Dangora sai muka cim ma wata tirela. Maigida ya taka, motar ta zabura, muka wuce ta kamar tana tsaye. Yana komawa hannunsa a gabanta sai na ji wata ƙara daga injin kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama ƙiftawa a gabansa, motar ta ɗau rawa, ƙarfinta ya zube. Na waiga na ga gaban tirelar ya cika gilashin baya, direban ya danne hon bai saki ba.

Ban san yadda Abban yara ya yi ya gangara gefen titi ba. Iskar tirelar sai da ta girgiza mu da ta wuce. Ina ta salati, 'yata ta tsakiya na tambaya, "Umma, me ya faru?" Na kasa ba ta amsa. Na yi shekaru ina karɓar mutanen da aka kwaso daga kan irin wannan hanya, na san yadda ake shigo da su, na san yadda ake fita a nemi uwa a gaya mata. Ranar na ga kaina a ɗaya ɓangaren. Babu wanda ya ƙwarzane a cikinmu, alhamdu lillahi, amma hannun maigida na kan sitiyari yana karkarwa har muka yi minti biyar ba wanda ya ce uffan.

Aka jawo motar zuwa Kano. Wannan karon na ce ƙafata ƙafarsa, sai na je garejin. Wani dattijon bakanike ne da ya ƙware a motocin Jamus. Ya jona wata 'yar kwamfuta a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari, ya kwance filogi ya auna ƙarfin matsin kowane fistin. Uku lafiya, ɗaya babu. Fistin ya tsage. Na ce, "Baba, don Allah yi mini bayani kamar yadda nake yi wa marasa lafiya." Ya yi dariya ya jawo mini benci.

Ga abin da na fahimta. Kowace motar zamani tana da ƙwaƙwalwa, wadda bakanikai ke kira birenbos. Ita ke ƙayyade yawan man da za a fesa, da yawan iskar da turbo zai tura cikin injin, da lokacin da filogi zai ba da wuta. Kamfani ya fitar da wannan mota da ƙarfin doki 200, ya kuma bar mata rara da gangan, don ta jure zafi da mai mara kyau da tsufa. Mai tunin wannan rarar yake cinyewa. Yana sauya lissafin ƙwaƙwalwar, turbo ya ƙara matsi, motar ta kai ƙarfin doki 250 ko fiye, alhali fistin da giyabos da burki duk na da ne.

Sannan ga maganar mai. A Amurka fetur hawa-hawa ne a famfo, akwai mai lamba 87, akwai 89, akwai 91 ko 93. Yawan lambar shi ne juriyar man ga matsi da zafi kafin ya kama da kansa. Wanda ya yi wa motarmu tunin ya yi shi ne a kan mafi tsadar. Mu kuwa a nan famfo ɗaya ne, abin da aka zuba miki shi za ki ɗauka, kuma bai kai wancan ba. In matsi ya yi yawa, iska ta yi zafi irin na bazararmu, man bai da juriya, sai ya fashe a cikin injin ba a kan ƙa'ida ba. Wannan ce ƙarar tsakuwar da na ji. Ta jima tana faruwa kaɗan-kaɗan, ranar ce kawai fistin ya gaza.

Ya sa aka ɗaga motar ya nuna mini ƙarƙashinta. Akwai wata tukunya a jikin salansa da ke tace gubar hayaƙi, bakanikai na ce mata indomi saboda yadda cikinta yake. An cire ta an sa bututu zalla don hayaƙi ya fita da sauri. Warin da ke sa 'yata tari ke nan. A ƙa'ida in babu ita fitilar gargaɗi za ta kama, amma mai tunin ya rufe wa ƙwaƙwalwar baki a kan wannan.

Nan take na gane cutar, don na san irinta. Muna ganin matasa 'yan ga-ruwa da leburori da ke shan tiramol don su yi aikin mutum biyu. Ƙarfin na gaske ne, kowa na yaba musu, amma jikin ba a ƙara masa komai ba, gajiyar ce kawai aka hana shi ji. Wata rana sai a kawo shi yana jijjiga. Na ce, "Baba, ashe ƙwaya aka ba ta." Ya ce, "Hajiya, kin gama magana. Wanda ya ƙera ta bai da laifi. Da an bar ta yadda take, ana yi mata juyen baƙin mai a kan lokaci, da ba ku zo nan ba."

A daren nan muka yi maganar da ya kamata mu yi wata huɗu baya. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Abbansu, ka san an taɓa injin nan, me ya sa ba ka gaya mini ba?" Ya ce, "Ke ma ai kin ji ƙararta kullum, me ya sa ba ki tambaya ba?" Na buɗe baki na rufe, don gaskiya ya faɗa. Shi sha'awa ta rufe masa ido, ni kawaici ya rufe mini baki, yara uku kuma na zaune a baya.

Gyara ya ci mu. Aka nemo kaya a Ƙofar Ruwa, aka sauke injin, aka mayar da indomi, aka samo wanda ya mayar wa ƙwaƙwalwar lissafinta na kamfani. Sai da na ci bashi a wurin aiki. Da ta tashi muka yanke shawarar rabuwa da ita, don ni dai na kasa sake sa yara a ciki.

A nan ne jarrabawa ta biyu ta zo. Wani dillali ya duba ta ya ce wa maigida, "Alhaji, mota ta yi tsaf. Ku yi shiru kawai, ba wanda zai san an buɗe injin." Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, ya kusa biyan bashin da ke kaina. Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar uwa, na kwana ina lissafi. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga gaban tirelar nan a gilashi, sai in ga wata mace a kujerar da na zauna, da nata 'ya'yan a baya. Bakaniken ya riga ya gaya mana cewa giyabos ɗin ma ya sha wahalar ƙarfin da ba nasa ba, ba wanda zai ce ga ranar da zai nuna. Da safe na ce, "Abbansu, yadda aka yi mana ba za mu yi wa wani ba." Ya ce shi ma bai runtsa ba. Muka sayar wa wani matashi mai sana'ar gyaran irinsu, muka zayyana masa komai, muka ba shi takardun gyaran. Mun yi asara, har yau ban gama biyan bashin ba.

In maigidanki na shirin sayen mota ta hannu, musamman irin masu gudun nan, ga abin da na koya da kuɗina. A je da bakaniken ku, ba na mai sayarwa ba, ya jona kwamfuta ya auna matsin injin, kuma a tashe ta da sanyin safiya kafin a ɗumama ta. A tambaya kai tsaye ko an taɓa ƙwaƙwalwarta, wa ya yi, a kan wane mai. A leƙa ƙarƙashi a ga ko indomi na nan. Salansa mai ruri, da matatar iska da ba ta kamfani ba, da ƙarin agogo a gaban direba, duk alamu ne cewa wani ya yi wasa da ita. In daga Amurka ta zo, lambar shasi mai harafi da lamba 17 za ta nuna a intanet ko ta taɓa haɗari da tafiyar da ta yi, amma ba za ta nuna tunin ba, wannan sai an bincika. In mai mota ya ce ba a gwaji, a bar masa kayarsa. Ko aure a Kano tun 2024 doka ta ce sai an yi gwajin lafiya, balle ƙarfe. Sannan ki tuna iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya a ƙasar nan kilomita 100 ne a awa. Duk ƙarfin da ya wuce abin da zai kai ku gida lafiya, kuɗin mai da na gyara kawai yake ci.

Yanzu wata tsohuwar mota muke hawa, mara ƙara, ba yaron da ke waiwayenta a layi. Ranar da za a saye ta ni na riƙe takarda da biro ina jero tambayoyi, dillali na kallon maigida yana jiran ya tsawatar mini. Shi kuwa ya harɗe hannu ya ce, "Ka ba ta amsa, 'ya'yanta za ta ɗauka."

Wani lokaci in wata mai ruri ta wuce mu a titi ina ganin yadda yake bin ta da ido. Ba na ce masa komai. Shi ma sai ya dubi madubi ya ga yaran a baya, ya ci gaba da tuƙinsa.