A Kabarin Abdulkarimu na Berlin

Da hantsi na sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mehringdamm, a unguwar Kreuzberg ta birnin Berlin, na nufi wata tsohuwar maƙabarta mai inuwar itatuwa. Kabarin Heinrich Barth nake nema, Bajamushen nan da aka haifa a Hamburg a 1821, wanda ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarimu, ya rasu a 1865.

Da na tsaya a gabansa, sunan ne ya ɗauke mini hankali fiye da tarihin tafiye-tafiyen mai shi. Masana sunaye sun ba Barth asali biyu. Na farko kalmar Bart, wato gemu, laƙabin da akan yi wa mutum kamar yadda mu kan ce Maigemu. Na biyu gajarta sunan Bartholomäus, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, alaihis salam. Ko wanne ne, sunan mutum guda ne da ya zama gadon zuriya.

Haka al'adar ta faro a manyan biranen Jamus tun wajen ƙarni na 12, lokacin da jama'a ta yawaita har sunan yanka ya daina bambanta mutane. Aka koma ga sana'a da kamanni da garin asali. Na zaga cikin kaburburan ina karantawa: Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Weber masaƙi, Fischer masunci. Sana'ar ta bar gidan tuntuni, sunan bai bar shi ba. Da shi da littattafan coci Bajamushe kan bi sawun kakanninsa ɗaruruwan shekaru.

Nan na tuna Dorugu, yaron Bahaushe da ya biyo Barth zuwa Turai a 1855.  Mu ma muna da Maƙera da Dukawa da Madugu, amma sunan uba muke ɗauka, ya sauya da kowane ƙarni. Na gwada ƙirga kakannina a tsaye a wurin, na tsaya a na huɗu.

Ba ina cewa mu ari tsarinsu ba ne. Nasaba ga uba tana da tushe a addininmu. Amma tsofaffin da suka haddace salsalarmu suna ƙarewa. Wanda nasa ke raye, ya ɗauki takarda da alƙalami ya je gaishe su.