Ƙashin da yaranmu suka tsinto a bakin kogi

Mu mazauna Lokoja ba mu manta da ambaliyar 2022 ba. Da ruwa ya ja baya, ya bar laka da tarkacen gidajen mutane a gaɓar kogin Kwara. A nan ne yaranmu biyu suka tsinto wani ƙashi lanƙwasasshe kamar lauje, tsawonsa ya kusa kamu guda. Bayan la'asar suka kawo shi ƙofar masallaci.

Nan take hankalinmu ya tashi. A unguwarmu akwai gidan da ɗansu ya kife da kwalekwale a cikin ambaliyar, kuma har ranar ba a ga gawarsa ba. Wasunmu suka ce a sanar da hukuma, wasu suka ce a naɗe shi a ƙyalle a binne. Kafin magariba magana ta riga ta isa kunnen mahaifiyar yaron.

Liman ne ya ce a kira tsohon mahaucin unguwa tukuna, mutumin da ya fi shekara 40 yana fawa. Ya ɗauki ƙashin ya jinjina shi a tafin hannu, ya daɗe bai ce komai ba.

"Baba, na mutum ne?" muka tambaye shi.

"A'a, 'ya'yana. Haƙarƙari ne, amma na mutum siriri ne, ba shi da nauyi. Wannan ko na bijimi bai kai shi nauyi ba."

Ya sa aka kawo zarto ya yanke bakinsa. Babu rami, babu ɓargo, a cike yake tam kamar dutse. Ya ce tun da yake bai taɓa yanka dabba mai irin wannan ƙashi ba.

Wani ɗalibinmu ya ce wataƙila ƙashin zamanin da ne da ya rikiɗe ya zama dutse, irin na manyan dabbobin da ake haƙowa a yankin Agadas. Mun so hakan ta kasance, don da unguwarmu ta yi suna. Sai dai lokacin yankan duk mun ji ƙauri kamar ana babbaka ƙaho, kuma ƙashin da ya zama dutse ba ya wannan ƙauri.

Washegari muka kai shi wurin wani dattijon masunci Banufe. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Ayu ne." Ya ce nauyin ƙashin ne ke riƙe ayu a ƙasan ruwa yana kiwon ciyawa, kamar yadda dalma ke nutsar da koma. Ayu ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, yana shayar da ɗansa nono, kuma macen kan yi kusan shekara da ciki ta haifi ɗa guda. Dattijon ya ce da yana saurayi sukan ga hancinsa ya ɓullo a kogin Binuwai da asuba, yanzu kuwa sai ya shekara bai gani ba.

Kunya ta ɗan kama mu a nan, domin mun san inda man ayu ke ƙarewa. Masu sayar da shi a kasuwa cikin kayan mata, da yawansu namu ne. Kafin mu dawo gida ma wani mai magani ya tare mu yana taya ƙashin, alhali doka ta hana farautar ayu da cinikin sassan jikinsa a ƙasar nan. Ba mu sayar ba. Yana nan a ɗakin ajiyar ƙungiya, duk mai son gani ya zo.

Abin da ya rage shi ne zuwa gidan mahaifiyar yaron, kuma kowa ya yi ta tura wani. Daga ƙarshe mu uku muka tafi. Muka yi sallama, muka zauna a zaure, ta fito.

"Inna, an duba. Ba nasa ba ne, na ayu ne."

Mun ɗauka za ta ji sanyi. Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, can ta ce, "To, Allah ya saka da alheri. Na ɗauka yau zan samu abin binnewa."