Ranar da 'yata ta maido mini da darasina

'Yan'uwana mata, a watan Afrilun 2019 maigida ya kai mu hutu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Tun daga gida na yi wa yara alkawarin za mu hau kwale-kwale zuwa ɗan tsibirin Changuu, su ga manya-manyan kunkuru. Ashe tsakiyar daminarsu muka faɗa. Ranar tafiya da asuba ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, teku ya harzuƙa, masu jirgi suka ce ba mai fita.

Raina ya ɓaci, na hau maigida da mita: kuɗi sun tafi, gobe kuma sai gida. Bai tanka ba. Sai 'yata mai shekara 8 ta ce, "Umma, ba ke kike koya mana a Islamiyya cewa ƙaddara mai daɗi da marar daɗi duk daga Allah suke ba?"

Kunya ta rufe ni. A gabansu na ba mahaifinsu haƙuri. Da ruwa ya tsagaita muka zaga lungunan tsohon gari, muka sayo kanumfari a kasuwar Darajani, yara na ta murna.

Uwargida, ki kula da bakinki ranar da shiri ya rushe. Ranar ce yara ke auna tarbiyyar da kike ba su.