Mazan Jiya da Hirar Defo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin soja ya san ba su cika zancen bakin daga ba. In yaro ya matsa musu da tambayar mutum nawa suka harbe, sai su dube shi su yi shiru. Amma a ambaci Defo ta Zariya, inda ake horon kurata tun 1924, nan da nan bakinsu ya buɗe. Mu malaman makaranta a Kalgo mun sha jin wannan hira, gama cikin yaran da muke koya wa akwai jikokin mutanen nan.

Sa'ad da yaƙin basasa ya tashi a watan Yuli 1967, sojan Nijeriya wajen 10,000 ne kurum. Kafin a ajiye makamai ran 15 ga Janairu 1970 sun kai kimanin 250,000. Ina aka samo su? Daga gona. Samari suka jingine fartanya suka hau babbar mota, waɗansu ko sallama ba su yi da iyayensu ba. Horon da aka saba yi cikin watanni aka taƙaita shi zuwa 'yan makonni. Duk da haka makonnin nan su ne suka fi zama a zukatansu: askin ƙwaryar molo ran fari, takalmin da ya fi ƙafa girma, bigila tun da asuba, da samanja mai tsawa wanda ke sa mutum tsallen kwaɗo saboda maɓalli guda. A lokacin sun ƙi jininsa. Yau kuwa in sun tuna shi, sai dariya har da hawaye. Tsoho yakan manta sunan jikansa, amma tambaye shi lambarsa ta soja, zai zuba maka ita ba gargada.

Mun fi jin daɗin labarin waɗanda aka kai kudu cikin jirgin ruwa. Rundunar Kanar Benjamin Adekunle ta teku ta shiga Boni a Yuli 1967, ta shiga Kalaba a Oktoba, bayan haka kuwa ta ruwa aka riƙa kai mata ƙarin mutane daga Ikko. Ku duba fa, yaron da iyakar saninsa gulbin Birnin Kebbi ne, inda kana wannan gaci kana hangen wancan, ga shi yau kan ruwan da ba shi da gaɓa, ba ya kuma shayuwa. Wani dattijo a unguwarmu ya ce mana, “Malam, kwana biyu ina amai. Wanda ya riƙa ba ni ruwa, ko uwa ɗaya uba ɗaya sai haka.”

Mutumin nan da ya ba shi ruwa Bagwande ne, Musulmi, shi kuwa dattijon namu mai bi ne. Ɗaki ɗaya suka kwana a Defo, jirgi ɗaya suka shiga. Bayan yaƙi aka raba su, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu. Shekara arba'in da wani abu suna zaune, wannan a Kalgo, wancan a Gwandu, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba. Sai a layin tantance 'yan fansho ɗaya ya ji an kira wata lamba mai bin tasa. Ya waiga ya ce, “Kofur, kai ne?” Wancan ya ce, “Ashe kana duniya!” Suka zauna a ƙasa suka bar layi ya wuce su.

Abin da ke damunmu shi ne irin wannan gamo bai kamata a bar shi ga sa'a ba. Mun riga mun yi hasara sau ɗaya. Kakanninmu 'yan Boma, watau na runduna ta 81 da ta 82 waɗanda jirage suka kwasa zuwa Indiya a 1943 da 1944, kusan duka sun kwanta dama, ba mu kuwa rubuta labarinsu ba. Barikin Chindit na Zariya daga wancan yaƙi ya sami sunansa, amma yara nawa suka san haka? Su ma na yaƙin basasa, ƙaraminsu ya haura saba'in. Kowace shekara ran 15 ga Janairu akan yi fareti a ajiye furanni a manyan birane, abu mai kyau ne. Sai dai tsohon da ke ƙauye ba fure yake bukata ba. Yana so ya ga wanda zai ce masa, “Ka tuna samanjan nan?” ya kuma gane ba sai an yi bayani ba.

Saboda haka muka sa 'yan aji shida aiki: kowa ya je wurin tsohon sojan gidansu ko na maƙwabta, ya rubuto shekarar da ya shiga Defo, da lambarsa, da sunayen abokan ɗakinsa da garuruwansu. Daga bakin dattijon namu da abokinsa na Gwandu kaɗai aka sami suna goma sha ɗaya. Muka bi ta wayar hannu da taimakon 'yan'uwa a garuruwa. Bakwai sun rasu, biyu ba labari, ɗaya yana Jega, ɗaya kuma yana Zuru, ido ya tafi amma kunne garau. Sa'ad da aka kara masa waya, bai tsaya gaisuwa ba, sai ya tambayi Bagwanden nan ina bargon da ya ara a 1968.