Gurasar Cikin Birni

Mu a Damagaram burodin da muka tashi muka sani shi ne dogon nan mai ɓawo da Faransawa suka bar mana, wanda ake karyawa da safe a tsoma a shayi. Gurasa kuwa sai dai tsaraba. Wani zai je Kano ya dawo da ita a leda, ta sha hanya, ta huce, ta fara tauri, a raba wa yara. Bikin 'yar yayata ne ya kai ni inda ake yin ta. Muka bi ta Matamai, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka ratsa Daura da Kazaure da Dambatta, muka shiga Kano rana tana shirin faɗuwa.

Gidan da na sauka yana tsakanin Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi, inda lunguna suke da ƙunci, har mai adaidaita sahu yakan sauke mutum a bakin titi ya ce sauran sai da ƙafa. Tun kafin kiran assalatu hayaƙi yake tashi daga gidajen maƙwabta, hayaƙin kara, a lokacin da babu mai ɗora tukunyar tuwo. Na tambayi yayata, ta ce, "Ai 'yan gurasa ne. Kafin ki shafa addu'a sun cika kwando." Unguwannin nan na Jakara da Ceɗiyar 'Yan Gurasa sana'arsu ke nan tun kaka da kakanni. Uwa ta bar wa 'ya, uwar miji ta koya wa surukarta.

Kasancewata mace ya ba ni abin da baƙo namiji ba zai samu ba. Shi iyakarsa zaure, ya yi sallama, a aiko yaro ya miƙa masa. Ni kuwa wata yarinyar gidanmu ta ja ni har tsakar gida. A jikin katanga tanderu ne a jere, manyan tukwanen yumɓu masu faɗin baki, an kewaye su da ƙasa don su riƙe zafi. A gefe ga bahunan ƙullu da aka kwaɓa tun dare: fulawa, yis, gishiri, ɗan sukari da ruwa. An rufe su sun kwana, sun tashi har suna ɗaga murfi. Ana cusa kara a cikin tanderun a cinna masa wuta, ya ci ya cinye ya koma garwashi, a goge cikin tukunyar da jiƙaƙƙen tsumma, sannan aiki ya fara.

Dattijuwar gidan tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta ɗaure zani tamau. Sai ta tsoma hannu a ruwa, ta yanko ƙullu, ta juya shi a tafin hannu ya yi faɗi, ta zura hannun cikin tanderun har kusa da kafaɗa, ta liƙa a jikin bango, ta zaro. Kafin in kifta ido ta liƙa na biyu. Haka ta bi da'irar tukunyar har ta cika, ta ɗora murfi, ta koma kan ta gaba. Babu sikeli, babu agogo, amma duk wadda ta fito girmansu ɗaya da 'yar'uwarta.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, hannun ba ya ƙonewa?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "'Yar nan, mai nauyin jiki wuta take ci. Ki jiƙa, ki liƙa, ki fito. Daga ina?"

Da na ce daga Damagaram, sai ta yi mini barka da zuwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sa wuƙa ta ɓamɓaro wata mai zafi ta miƙo mini. Fuskar gurasar ta yi ja-ja, bayanta da ya manne da tukunya ya yi ɗan ƙauri-ƙauri, tururi na fita. Da na ɓara sai na ga cikinta huda-huda kamar saƙar zuma, ga laushi, ga ɗan tsami kaɗan na ƙullun da ya kwana. A tsaye na cinye ta, ba mai ba yaji. Waɗannan hudojin su ne sirrin duk abin da ake yi da gurasa daga baya, domin su ne suke shan mai da romo ba tare da ta dagargaje ba.

Ina fitowa na tarar zauren ya cika da 'yan sari, kowa da kwandonsa ko buhunsa, ana ƙirga ana lodawa. Daga nan wata za ta tafi kasuwannin cikin gari, wata tashar mota, wata ta bar Kano gaba ɗaya. Na tsaya ina lissafin bakunan da ke ci daga tanderu guda: mai kawo kara daga ƙauye, maginin tukwane, mai ga-ruwa, mai sayar da fulawa, yaran da ke dako, ga ita kanta matar da ba ta taka ƙofar gida ba amma daga hannunta ake biyan kuɗin makaranta, ake haɗa kayan ɗakin 'ya'ya mata. Mutum zai iya zagaya Kurmi da Kantin Kwari ya ce ya ga kasuwancin Kano, alhali wani babban sashensa yana bayan zaure, a hannun mata.

Kanawa da kansu sukan ce Larabawa ne suka kawo musu gurasa, tare da alkubus da alkaki da sauran abincin alkama. Tsarin unguwannin ma ya ba da shaida. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a kewayenta fataken Gadamus da Tarabulus suka yi gidaje, a irin su Dandalin Turawa da Alfindiki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, a unguwar Dala ya sauka a 1851, kusa da waɗannan fatake, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, ban da baƙin da ke cika shi lokacin ciniki. Abin da ya taɓa ni shi ne, ayarin raƙuman fataken nan ta garinmu yake bi a wancan zamani. Daga Tarabulus zuwa Gadamus, zuwa Gat, zuwa Agadas, a yada zango a Damagaram, sannan Kano. Gurasa ta wuce ta ƙofar gidanmu, amma a nan ta sami wurin zama, don a nan ne akwai kasuwar da ke tara dubban mutane masu neman abin da za su ci a tsaye, ga kuma fadamun da ake noman alkama da rani.

Sai dai Kano ba ta karɓi abin baƙo ta ajiye shi yadda ya zo ba. Wannan na gani da idona ranar da muka shiga Kurmi sayen turaren wuta da tasoshin amarya. Rana ta take, muna zaune a rumfar wani mai turare, sai ga saurayi ya turo baro, ya lulluɓe gurasa da farar leda, a gefe ga robobi a jere. Yayata ta ɗaga hannu ta ce, "Mai gurasa, zo ka yi wa baƙuwata bandashe."

Ya ce, "Hajiya, yaji ya ji ko kaɗan-kaɗan?"

Na ce ya ji.

Ya ɗauki gurasa ya tsoma a ruwa ya tsame nan take, don ta yi taushi ba don ta jiƙe ba. Ya shimfiɗa ta a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli har farinta ya ɓace, ya ɗora wata a kai ya sake barbaɗawa. Ya zuba yaji, ya kwarara man gyaɗa yana zagayawa da hannu, ya yayyanka albasa da tumatir da kabeji da kokwamba a sama, sannan ya sa wuƙa ya gicciye ta gida-gida. Duk wannan bai ɗauke shi lokacin da mai turare ya auna mana hawi ba. Lomar farko ƙulin ne ya fara magana, da ƙamshin gyaɗar da ta soyu, sai citta da masoro da kanumfari suka biyo baya, barkono ya zo daga ƙarshe ya zauna a maƙoshi, albasa tana sanyaya shi. Babu nama ko tsoka ɗaya a farantin, amma har la'asar ban nemi komai ba sai ruwa.

Ƙuli-ƙulin nan shi ne hannun Kano a cikin abincin. Mata ne suke soya gyaɗa, su niƙa, su matse mai, tunkuzar da ta rage su murza su soya. Gyaɗar kuwa kowa ya san abin da ta yi wa wannan gari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru manoma suka rungumi gyaɗa, aka riƙa jera buhuna ana yin dala, attajirai irin su Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka yi suna har ƙasashen waje. Dalar gyaɗa ta tafi, amma ƙuli yana nan a kowane lungu. Wanda ya fara haɗa shi da gurasar Larabawa ya yi wa talaka gata, don ya ba ɗan dako da ɗalibi da mai jiran shago abinci mai riƙe ciki a kan kuɗi kaɗan. Na kuma ga alhazai masu manyan riguna sun tsayar da mota suna jiran a haɗa musu, a layi ɗaya da mai tura kura.

Da dare gurasa takan koma wajen mahauta. Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya fita ya dawo da ƙunshi a takarda. Mai tsire ya zare naman daga tsinke da zafinsa, daga tukuba kai tsaye, ya zube shi a kan gurasa ya naɗe, kafin a iso gida ta shanye kitsen da yajin. Mu mutanen Nijar ba a yi mana gorin nama, kilishinmu ya isa ko'ina, amma wannan haɗin ban taɓa cin irinsa ba. Ranar walima kuma da miyar taushe aka kawo ta, tsofaffi suka ce ai asalin cinta ke nan a gidajen cikin birni.

A wurin bikin na zauna da wata 'yar dangin ango da ta yi karatu a Amurka. Ta ce bandashe yana tuna mata da abincin mutanen Meksiko da ake kira tako, wanda ake sayarwa a cikin motoci a unguwannin Los Anjeles: waina ce mai faɗi ta garin masara, a gasa ta a kan ƙarfe, a zuba nama da albasa da miyar barkono, a naɗe a ci da hannu a bakin titi. Su ma baƙi sun sa musu hannu, domin 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa birnin Puwebla ne suka kai musu gashin nama irin na shawarma, har yau akwai wanda suke kira tako na Larabawa. Bambancin shi ne su sun tsaya wa nasu. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye, kuma duk inda ɗan ƙasar ya je da abincinsa yake tafiya, yana alfahari da shi. Ban ga abin da tako ya fi bandashe da shi ba, in ban da masu tallata shi.

Masu gurasa kuwa suna cikin matsi. Mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, tanderu ne yake fara ji. A farkon 2024 matan Ceɗiyar 'Yan Gurasa, waɗanda ba a saba ganinsu a waje ba, sai da suka fito titi suna kuka da tsadar fulawa, suna cewa da yawansu sun kashe wuta. Inna ma ta faɗa mini haka da na koma yi mata sallama. Ta nuna mini tanderu biyu da suka yi sanyi a ƙarshen layi, ta ce, "Da duk suna ci. Yanzu in na ƙara kuɗi yaro ba zai iya saya ba, in na rage girma a ce na ci amana." Abin ya dame ni, domin alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Ruwan madatsar Tiga yana shayar da gonakin Kadawa da Kura, kuma gurasar da aka yi da garin alkamar gida, mai duhu-duhu, ta fi ta fulawa ƙamshi da riƙe ciki. Manomin yana nan, mai tanderun tana nan, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar yini ba. Masu iko da masu hannu da shuni na Kano su dubi wannan, tun kafin 'yan matan gidajen nan su ga cewa sana'ar iyayensu ba ta ciyar da mai ita.

Na ga marinar Ƙofar Mata, na shiga Gidan Makama, na hau Dala na hango birnin daga sama, duk sun cancanci a je a gani. Amma wanda zai tafi Kano daga wajenmu, shawarata gare shi ita ce ya yi sammako ya nufi Jakara tun tanderu yana da wuta. In mace ce ta yi sallama ta shiga, za a karɓe ta hannu biyu. In namiji ne ya tsaya a zaure ya aika, ya ce a ba shi ta alkama mai zafi, kuma kada ya nemi ragi.