Babbaƙu Ba Farfaru

Abin ya faru ne wata ranar Juma'a bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gidan wani dattijonmu na nan unguwa. Ɗansa ya bi tirela da shanu zuwa kudu, kwana uku ba labari, sai ga saƙo ya shigo waya. Dattijon gwani ne a ajami, amma boko bai ratsa shi ba, don haka ya ƙwala wa jikansa kira, yaro ɗan aji huɗu na firamare. Da akwai masu karantawa a cikinmu, amma ya fi so mu ga jikan nasa.

Yaro ya karɓi waya, ya zuba mata ido, ya fara: "Bi… e… bi… e." Ya yi shiru. Ya sake farowa, ya sake tsayawa a wuri guda. Kalmar kuwa ba wata ba ce, "Baba" ce. Saƙon gaba ɗaya cewa yake yi, Baba na sauka lafiya. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don kowannenmu tunanin nasa 'ya'yan yake yi. Da dare da yawanmu mun gwada na gida, kuma abin da muka gani bai yi mana daɗi ba. Suna rera ABCD tun daga farko har ƙarshe kamar waƙa, sun san "A for apple", amma ka rubuta musu "tuwo" sai ido.

Dattijon ne ya gano ciwon tun a wurin. Cewa ya yi, "Ai wannan yaro babbaƙu kawai aka yi masa, ba a kai shi farfaru ba." Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san abin da yake nufi. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, yaro ya san sunan kowane harafi: alu, ambaki, wau, zal. Amma ba malamin da ke cewa yaro ya iya karatu a nan. Sai an shiga farfaru, an ɗora wa baƙi wasali, ba, bi, bu, sannan a koya masa haɗawa har bakinsa ya faɗa. 'Ya'yanmu na boko an ba su sunayen haruffa, sunayen ma na Turanci, aka bar su a nan.

Ku duba yadda sunan ke ɓatar da yaro. Ana ce masa wannan "si" ne, alhali a "ciki" da "ciniki" ba haka yake fita ba. Wasalin da ke ƙarshen "baki" an ce masa "ai" ne, na ƙarshen "kare" kuma "i". To yaron da ya jera "bi, e, ke, ai", ta ina zai ɓullo ga "baki"? Ko babba ne sai ya ɓata. Abin da yake buƙata shi ne sautin da harafin ke yi a baki, ya haɗa wannan da wancan: b da a, ba, k da i, ki.

Da muka fara tambaya, sai muka tarar ba mu kaɗai ne muka gano haka ba. A maƙwabtanmu Bauchi, da kuma Sakkwato, an yi shirin Mu Karanta! da tallafin hukumar USAID ta Amurka, inda 'yan aji ɗaya zuwa uku ke fara karatu da Hausa ta hanyar sauti da gaɓa. A ɓangaren Turanci kuma akwai Jolly Phonics da ya fito daga Ingila, wanda hukumar UBEC ta ɗauki nauyin horar da malamai a kansa. Sautuka 42 yake koyarwa, kuma ba daga A yake farawa ba, daga s, a, t, i, p, n ne, don da waɗannan shida yaro zai iya haɗa kalma tun a makonnin farko. Turawa sun yi wa abin suna da littafi, amma hikimar farfaru ce.

Wata 'yarmu da ta gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Potiskum ta yarda ta riƙa zama da yara a zaure, Alhamis da Juma'a, tun da ba Islamiyya. Abin da ya ba mu mamaki, makon farko ko alli ba ta taɓa ba. Kunne ta fara gyarawa. Sai ta ce, "Wa zai kawo mini abin da ya fara kamar masara?" Yara su yi ta jefowa: mangwaro, madara, mota. Ta sa su tafa hannu a kan kowace gaɓa, ka-su-wa tafi uku, Po-tis-kum tafi uku. Ta ce a cire "ra" daga "rago", me ya rage? Wani ubanmu ya leƙo ya ce, "Malama, wannan karatu ne ko gaɗa?" Ta ce, "Baba, yaron da kunnensa bai raba sauti ba, idonsa ba zai raba harafi ba."

A nan ne muka gane wani abu game da zamanmu. Garin nan na haɗaka ne, 'ya'yanmu sun tashi tare da na Karekare da Ngizim da Bolewa da Fulani, Hausar titi kuma ta ɗan goge lanƙwasa. Yara da yawa "kafa" suke cewa ko ƙafa suke nufi. Malamar ta kwashe kwanaki tana raba musu baki da baƙi, doki da ɗoki, kare da ƙare, har suka ji bambancin a maƙogwaronsu kafin su gan shi a allo.

Ba kowa ya yarda ba. Wasu cikinmu sun ce Turanci suka kai yara koyo, Hausa ai a gida ake shanta da nono. Ba mu raina wannan magana ba, don jarrabawa da Turanci ake yi. Amma rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasali biyar ne, harafi ba ya yawan sauya murya. Yaron da ya koyi haɗa sauti a harshen da yake mafarki da shi, in ya isa Turanci dabarar tana hannunsa, sai dai ya koyi inda Turancin ya karkace.

Ba mu ce an gama ba. Har yanzu jikan dattijon nan yana tuntuɓe a kan "ts", kuma in ya ga "gado" sai ya karanta jimlar duka kafin ya san na kwanciya ne ko na magada. Amma ran nan da saƙo ya sake shigowa daga kudu, shi ya karanta, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kakansa na gyaɗa kai.

Roƙonmu ga iyaye, musamman mata da yara ke wuni a gabansu: yau da dare a rubuta wa yaro kalma ɗaya da bai taɓa haddacewa ba, a ga yadda zai yi da ita. In ya tsaya, kada a dake shi, ba laifinsa ba ne. A turo shi zaure ranar Alhamis. Allah Ya buɗa wa zuriyarmu, amin.