Tsintau, Baƙon Gidanmu

Wata ranar Alhamis da damina mun taso daga makaranta, mu uku 'yan gida ɗaya, muka bi ta bayan kamfanonin jima na Challawa don mu yanke hanya zuwa Panshekara. Duk wanda ya san wurin ya san warin kwatar nan da baƙin ruwanta. A bakinta muka ji wani siririn kuka. Ɗan kwikwiyo ne, ya jiƙe sharkaf, haƙarƙarinsa duk a waje, kunnuwansa cike da kaska. Yaya ya naɗe shi a tsohon buhu muka taho da shi.

A gida aka yi ta ta ƙare. Kaka ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da kare ba, Umma kuwa kajinta take ji. Baba ya yi shiru, sai bayan Isha'i ya kira mu. Ya ce ya tambayi liman, ajiye kare don gadi ba laifi. Amma ba zai shiga ɗaki ba, kwanonsa daban, kuma sati biyu ya ba mu. In ya taɓa kaza ko ya hana maƙwabta barci, zai bar gidan. Muka sa masa suna Tsintau.

Washegari muka tafka kuskure. Muka tara abokai, kowa na son ya shafa shi. Tsintau ya shige ƙarƙashin baro, kwana biyu ko ruwa da ƙyar yake sha. A asibitin dabbobi likita ya cire masa kaska, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya ce za a yi masa allurar ciwon haukan kare in ya cika wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Ya ce wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya nufi asibiti nan take, don in ciwon ya bayyana da wuya a tsira. Masu tsokanar karnuka a hanyar makaranta, kun dai ji. Da muka gaya masa Tsintau ba ya cin abinci, sai ya ce, "Ku ne kuka dame shi. Ku ƙyale shi tukuna."

Muka yi masa rumfa da langa-langa kusa da ƙofar gida. Safe da yamma mu ajiye masa ragowar tuwo mu ja baya, ba albasa, ba dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soke shi. Sai mu zauna nesa kaɗan muna aikin gida, ko kallonsa ba ma yi.

A nan muka lura da abin da ya fi ba mu tausayi. Da zarar wani ya sunkuya, ko da fensir ne ya faɗi, Tsintau zai ruga yana ihu. Mun daɗe kafin mu gane dalili. A duniyarsa, in mutum ya sunkuya dutse zai ɗauka. Mu ma mun taɓa jifan karnuka, sai muka kasa haɗa ido da juna. Daga ranar, in za mu ɗauki abu sai mu tsuguna a hankali muna kiran sunansa.

Rana ta tara ya bi ɗan tsako a guje, a gaban Umma. Muka ce shi ke nan. Umma dai ba ta kai ƙara ba, ta ce mu riƙa ɗaure shi in an saki kaji.

Ana gobe wa'adi zai cika, Autanmu ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi, Tsintau na kwance kusa da shi. Ya ɗaga kai ya kalle shi, ya mayar ya ci gaba da barci.

Baba bai sake tayar da maganar sati biyu ba, mu ma ba mu tuna masa ba. Kaka har yau ba ta kiran sunansa, "wancan abin" take cewa. Amma shekaranjiya da asuba mun gan ta tana tura masa ƙanzo da bakin sandarta. Da ta gan mu ta ce, "Me kuke kallo? Ku wuce ku yi alwala."